Yadda Haƙƙin Talaka Ya Shiga Tsarin Mulkin Nijeriya

Tsarin mulki shi ne babbar dokar ƙasa, wadda kowace doka ke ƙarƙashinta, har da dokar da Gwamnati ta kafa da kanta. Wanda aka yi wa Nijeriya a 1954 ya kasa ƙasar jiha uku, Arewa da Gabas da Yamma, ya faɗi aikin kowace Majalisa, amma bai keɓe wani babi ga haƙƙin mutum shi kaɗai ba. Wannan sai daga baya aka ƙara shi, kuma tsoro ne ya kawo shi.

Ga yadda abin ya faru. A kowace jiha akwai babbar ƙabila guda wadda ta rinjayi saura da yawa. Da ƙananan ƙabilu suka ga Turawa na shirin tashi, sai hankalinsu ya tashi, suna cewa in Bature ya tafi wa zai raba su da maƙwabcin da ya fi su ƙarfi? Mutanen tsakiyar ƙasa suka nemi jiha tasu, mutanen Binin da kewayenta ma haka, na Kalaba da Ogoja da bakin ruwa su ma haka. Aka kai maganar taron Landan na 1957, aka rasa yadda za a yi da ita. Sai aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin wani Bature, Sir Henry Willink, ya zo ya kewaya ƙasar, ya ji kukan kowa.

A 1958 kwamitin ya ba da rahotonsa. Bai yarda a yanka sababbin jihohi ba, don a ganinsa duk jihar da aka yanka sai an sami wasu 'yan tsiraru a cikinta, su kuma su fara nasu kukan. Abin da ya ba da shawara shi ne a rubuta haƙƙin kowane mutum cikin tsarin mulki, yadda ko mai rinjaye ba zai iya share shi da ƙuri'a ɗaya ba. Aka ɗauko tsarin daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a 1950. Shugabanni suka yarda, aka shigar da gyaran a 1959, kafin babban zaɓen watan Disamba, ya kuma zama Babi na 3 a tsarin mulkin 1960.

To, me babin ya ce? Ya hana a kashe mutum ba bisa shari'a ba, ya hana azabtarwa da bauta. In an kama mutum, tilas a gaya masa dalili, a kai shi gaban alƙali, a bar shi ya kare kansa. Kowa ya bi addininsa, ya faɗi ra'ayinsa, ya shiga jam'iyyar da ya ga dama. Sai dai kusan kowane haƙƙi an bi shi da togaciya, watau Gwamnati na iya taƙaita shi saboda zaman lafiya ko tsaron ƙasa. Nan ne gardama take, don wa zai auna ko taƙaitawar ta wuce kima? Alƙali ne.

Ba a daɗe ba aka gwada. A 1962 rikici ya ɓarke a Majalisar Jihar Yamma, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka naɗa Dakta Majekodunmi ya riƙe jihar. Shi kuwa ya tsare wani babban lauya, Cif Rotimi Williams, ya hana shi fita daga Abeokuta. Lauyan ya kai ƙara Kotun Ƙoli, kotu ta duba ta ce babu isasshen dalili, ta soke tsarewar. Ashe takarda na iya tsayar da mai iko, in akwai alƙalin da zai karanta ta.

Amma babin bai share hawayen kowa ba. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai 1976. Jihohin da Willink ya ƙi kuwa sun zo duk da haka: ta Yamma ta Tsakiya a 1963, sa'an nan Janar Gowon ya mai da ƙasar jiha 12 a 1967, lokacin da soja sun riga sun jingine yawancin tsarin mulkin. A tsarin 1999 waɗannan haƙƙoƙi suna Babi na 4, kuma ba a taɓa su sai kashi huɗu cikin biyar na kowace Majalisar Tarayya sun yarda, tare da kashi biyu cikin uku na Majalisun jihohi.