Shamuwa: danginta a cikin tsuntsaye, tafiyarta, da haƙƙin da take da shi a kanmu

  

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Dosso ya san shamuwa. Idan bazara ta yi tsanani, sai a wayi gari a gan ta a kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari tana jan itace tana gyara sheƙa, manomi kuwa ya fara duba irinsa. Ɗalibai sun sha tambayarmu game da ita: ina take zuwa idan damina ta wuce, ko ita da balbela dangi ɗaya ne, kuma mene ne hukuncin kama ta. Mun tattara amsar a nan, muka haɗa da maganar ɓarnar abinci, saboda dalilin da zai zo a gaba.

Yadda ake rarraba tsuntsaye

Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda mutane suke, don haka sanin rabe-rabensu ba baƙon ilimi ba ne ga Musulmi. Jahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan hijira, ya kasa dabbobi gida huɗu a littafinsa Kitabul Hayawan: masu tafiya, masu tashi, masu iyo da masu jan ciki. Damiri na Masar, wanda ya rasu a 808 bayan hijira, ya jera su bisa haruffa a Hayatul Hayawanil Kubra, yana kawo siffar kowace dabba da hukuncin cin ta. Muna yi wa ɗalibai nasiha su karanta shi da lura, domin akwai tatsuniyoyi da magungunan da ba su tabbata ba a cikinsa.

Tsarin da duniya take aiki da shi yau ya faro daga Linnaeus, mutumin Suwidin. Daga bugu na 10 na littafinsa, a 1758, aka ɗauki al'adar ba kowace dabba suna mai kalma biyu da Latin, ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i, kamar dai yadda muke cewa wane ɗan gidan wane. Nau'o'i masu kama da juna suna taruwa a gida ɗaya, gidaje a dangi ɗaya, dangogi a rukuni ɗaya. Littattafan Larabci na zamani suna kiran waɗannan matakai nau'i, jinsi, fasila da rutba. An ƙidaya nau'in tsuntsaye kusan 11,000 a duniya. Abin da ya haɗa su shi ne gashin fiffike, ba tashi ba. Jimina tsuntsuwa ce ko da yake ba ta tashi, jemage kuwa yana tashi amma yana haihuwa yana shayarwa.

Sunan shamuwa a wannan tsari Ciconia abdimii. Lichtenstein, wani masani Bajamushe, ya sa mata shi a 1823, da sunan Abdim Bey, gwamnan Turkawa a arewacin Sudan a wancan zamani. Danginta, Ciconiidae, yana da nau'i kusan 20, kuma ita ce ƙaramarsu: tsawonta kimanin santimita 73, nauyinta ya ɗan haura kilo 1. Baƙa ce mai farin ciki. Borintunke, wanda ake gani a bakin mahauta, ɗan danginta ne duk da muninsa. Larabawa suna kiran wannan dangi laƙlaƙ, saboda ƙarar da suke yi idan suna kaɗa baki, domin ba su da waƙa irin ta sauran tsuntsaye.

Balbela da zalɓe fa? Ido yana cewa ƴan'uwan shamuwa ne, kuma masana ma sun daɗe suna sa su a rukuni ɗaya. Da aka fara auna ƙwayoyin gado sai aka raba su, aka mayar da zalɓe da balbela wajen kwasakwasa. Alamar da yaro ma zai gane ita ce, zalɓe yana lanƙwashe wuya idan yana tashi, shamuwa kuwa miƙe shi take yi. Gauraka ma wani dangi ne daban. Irin wannan binciken ne ya nuna cewa tsuntsun farautar da Larabawa suke kira shahin ya fi kusa da aku fiye da yadda yake kusa da shirwa. Wanda ya yi karatun nasaba ba zai yi mamaki ba, don kama da wane ba ta wane.

Kada a haɗa wannan rabe-rabe da na fiƙihu. Malamin fiƙihu yana duba farce da abin da tsuntsu yake ci don ya fitar da hukunci, masanin halitta yana neman wa ya haɗa asali da wa. Kowa da tambayarsa.

Ina take zuwa?

Shamuwar yankinmu ba ta barin Afirka. Tana sheƙa a wannan yanki namu, daga Senegal har Habasha, tsakanin watan Mayu da Agusta, lokacin da fara da tsutsa suka yawaita. Da damina ta janye sai ta bi ruwan sama kudu, ta ƙetare tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda daminarsu take farawa wajen Nuwamba. Masu bincike sun ɗaura wa wasu na'ura a nan Nijar, suka bi sawunsu ta tauraron ɗan'adam har Tanzaniya. Zuwanta alama ce ta kusantowar ruwa, kamar hadari. Ba ita take kawo shi ba, kuma ƙudurce cewa ita ce take saukar da shi kuskure ne a aƙida.

Tana da ƴar'uwa a gida ɗaya, Ciconia ciconia, farar shamuwa mai jan baki da jan ƙafa, wadda take sheƙa a kan rufin gidaje a Turai da Magrib, ta zo mana da kaka ta yi hunturu. Ba ta iya doguwar tafiya a kan teku, domin iska mai ɗumi da take tasowa daga ƙasa ita take hawa ta yi sama, kuma wannan iska ba ta tashi daga ruwa. Shi ya sa take ƙetarewa ta mashigar Jabal Ɗariƙ, mai faɗin kilomita 14, ko ta kewaya ta Istanbul da ƙasar Sham. Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu suke ɓacewa ba, har wasu malamansu suka ce tsattsewa tana kwanciya a cikin taɓo ƙarƙashin ruwa. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da Klütz a arewacin Jamus, da mashin Afirka maƙale a wuyanta. Gawarta tana ajiye a jami'ar Rostock har yau.

Masaukan waɗannan baƙi a wajenmu su ne Tafkin Cadi, fadamun Haɗeja da Nguru, fadamar Logone a Kamaru, ambaliyar kogin Kwara a tsakiyar Mali, da tafkunan da damina take bari. Farin shekarun 1970 da 1980, wanda dattawanmu ba su manta ba, ya rage yawan farar shamuwa ƙwarai a yammacin Turai. Fari a Sahel, sheƙa babu kowa a Jamus.

Hukunci da kariya

Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne halaccin cin tsuntsaye duka, har masu farce. Shafi'iyya sun saɓa, kuma mafi inganci a wajensu haramcin laƙlaƙ. Amma halaccin ci ba izinin ƙarar da halitta ba ne. Malamanmu sun karhanta farauta don wasa. Nasa'i ya ruwaito cewa za a tambayi wanda ya kashe ɗan ƙaramin tsuntsu ba da haƙƙi ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa ƴaƴanta biyu, ta zo tana karkaɗa fiffike, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarta a mayar mata da su. Wannan hadisi ya isa hujja a kan yaron da yake hawa tsamiya da danƙo a wuya, da uban da ya gani ya yi shiru. Ya kuma ruwaito hani ga kashe alhudahuda, wanda shi ma wani sashensa daga Turai yake zuwa.

Musulunci ya san keɓe ƙasa don kariya tun farko. An haramta farauta a haramin Makka da na Madina, Annabi ya keɓe Naƙi'u a matsayin hima, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Masu tarihi sun ambaci wani waƙafi a asibitin Sidi Faraj na birnin Fas wanda aka ware don jinyar shamuwar da ta karye. A Lebanon an farfaɗo da tsarin hima a 2004 a ƙauyen Ibl as-Saƙi, a kan hanyar tsuntsaye masu ƙaura. A ɓangaren gwamnatoci akwai yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan fadamu, da ta Bonn ta 1979 kan dabbobi masu ƙaura, da AEWA ta 1995 kan tsuntsayen ruwa na Afirka da Turai da yammacin Asiya. Gandun W ya shiga jerin Ramsar a 1987.

Gaskiya ita ce ba a sa shamuwa cikin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa ba, sai dai yawanta yana raguwa. Kurciyar Turai, wadda take hunturu a Sahel, ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a Turai tun 1980. Ungulun da ya cika kasuwanninmu a da, tun 2015 yana jerin waɗanda suke cikin haɗari mafi tsanani, kuma masu saye da sayar da kansa don tsafi suna cikin masu laifi. Shamuwa kuwa abin da yake cin ta a wajenmu a fili yake: sare manyan itatuwa don gawayi, kwashe ƙwai da ƴaƴa, da feshin maganin fara ba bisa ƙa'ida ba, alhali ita kanta fara take ci kyauta.

Inda ɓarnar abinci ta shigo

A Fotugal da Andalus, farar shamuwa da yawa ta daina zuwa Afirka. Ta sami abinci a manyan jujin birane, inda motoci suke zubar da ragowar nama da kifi da burodi kowace rana. A Fotugal, waɗanda suke zama hunturu ba su kai 1,200 ba a 1995, amma a 2015 sun kai wajen 14,000. Wani zai ce ai arziki ne ya same ta. To, tana haɗiye leda da zaren roba da take zaton tsutsa ne, ta kuma ciyar da ƴaƴanta da su. Ga shi kuma dokar Tarayyar Turai tana tilasta rage zubar da ragowar abinci a juji. Almubazzarancin ɗan'adam ya canza tafiyar da tsuntsu ya gada tun kaka da kakanni, ya bar shi rataye da bola.

Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa yana salwanta. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar na 2024 ya ce an zubar da tan biliyan 1.05 a 2022, kashi 60 cikin 100 daga gidaje, wato kilo 79 ga kowane mutum, a shekarar da mutum miliyan 783 suke fama da yunwa. Rahoton ya nuna abin bai tsaya ga ƙasashe masu arziki ba. Duk buhun da ya lalace, sai an sake share wani daji ko an janye ruwan wata fadama don a maye gurbinsa, kuma nan ne masaukin tsuntsaye.

Aya ta 31 a Suratul A'araf ta haɗa halaccin ci da sha da hani ga israfi, ayoyi na 26 da 27 a Suratul Isra'i kuma suka tsananta a kan almubazzaranci. Muslim ya ruwaito umarnin ɗaukar lomar da ta faɗi, a share ta a ci, da suɗe kwano. Iyayenmu mata ba su karanta ƙididdiga ba, amma tuwon dare ɗumame ne da safe, ƙanzo a jiƙa wa kaji, tumatir da kuɓewa a shanya su. Mu ne muka zo da bikin da ake dafa buhun shinkafa uku don a ce wane ya yi, washegari a kwashe a leda a kai bola. A watan azumi abin ya fi muni, kuma mu limamai ba mu cika faɗa ba, wataƙila don mu ake fara aiko wa kwano.

Ɓarnarmu mafi yawa kuwa a rumbu take, tun abinci bai kai tukunya ba. Wake yana iya zama gari cikin ƴan watanni idan ƙwaro ya shige shi. Buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, wanda aka fara yaɗawa a 2007, yana toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba guba ba. Sharaɗinsa wake ya bushe sosai, a ɗaure kowace leda daban, a kuma ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera.

Kwamitin masallaci yana iya yin abubuwa da ba sa cin kuɗi: ya yi magana da mai gari a hana taɓa itacen da shamuwa take sheƙa a kai daga Mayu zuwa Satumba, ya naɗa wanda zai karɓi ragowar abincin biki da suna tun yana da zafi ya kai wa mabuƙata da makarantun allo, ya kuma roƙi unguwa ta raba leda da ragowar abinci kafin a zubar. Malaman makaranta da suke son ranar da za su rataya darasin a kai, ana tunawa da tsuntsaye masu ƙaura a Asabar ta biyu ta Mayu da ta Oktoba, ana kuma tunawa da ɓarnar abinci ranar 29 ga Satumba. Ta Mayu ta fi dacewa da mu, domin a lokacin shamuwa tana kan sheƙa, yara za su iya ƙirga sheƙun garinsu su rubuta, baɗi su sake ƙirgawa.