Asalin Kalmar Jinƙai

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar Bodinga ko Shagari, inda ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai zuwa ya tuɓe takalmi ya durƙusa, a karanta Ƙulhuwallahu a shafa, ya ji yadda dattawa ke cewa "Allah shi jiƙai nai". Wannan lafazi na Sakkwatanci ya adana abin da bakin Kano ya haɗiye, domin kuwa jinƙai kalmomi biyu ne a asali, wato "ji" da "ƙai", na biyun kuwa tsohon suna ne na tausayi wanda yau ba ya fita shi kaɗai. Shi kuwa ji, a wurin Bahaushe, bai tsaya ga kunne ba: da shi ake jin sanyi da yunwa, da shi ake jin Larabci, saboda haka mai jinƙai shi ne wanda ciwon wani ya ratsa jikinsa har ya fahimce shi.

Malamai ne suka ɗaukaka darajar kalmar. Da suka zo fassara Bisimilla ga jama'ar da ba ta jin Larabci, sai suka bar wa Arrahmanu rahamarsa ta aro, amma Arrahimu suka nemo masa ta gida, suka ce Mai jinƙai. Sun kuwa dace, gama rahama da mahaifa tushensu ɗaya a Larabci, kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, ya kamanta muminai da jiki guda, in gaɓa ɗaya ta yi ciwo sauran su kwana da zazzaɓi.

Ƙasar nan ta Bodinga tana da rabo babba a wannan karantarwa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa har 1815, ƙanensa Abdullahi yana Bodinga kusa da shi, kuma a wannan zama, da takobi ya koma kube aka shiga wahalar riƙon jama'a, Shehu ya rubuta Najmul Ikhwan, yana horon almajirai da sassauci a kan mas'alolin da malamai suka saɓa. A ganina, wanda ya ci yaƙi ya fi kowa bukatar wannan darasi.

Zamani ya sake ba kalmar wani aiki. Tun da gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar agaji a 2019, gidajen rediyo suka raɗa mata Ma'aikatar Jinƙai, har yaran yanzu in sun ji kalmar sai su tuna da buhun shinkafa da layin rabo. Amma a ƙarshen Disamba 2018, da aka kai Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, makwancinsa a garinsu, da tsohuwar ma'anar aka yi masa addu'a, sarakuna da talakawa baki ɗaya.