Gona a Matsayin Mafaka: Daga Gandun Arewa zuwa Gonakin Masu Otizim

1. Gabatarwa

Kalmar otizim baƙuwa ce a Hausa. Kafofin labarai na Najeriya kan ce galahanga. A ƙauye kuwa, wanda ba ya cuɗanya da mutane, yake ta maimaita abu guda, sai a kira shi dolo ko taɓaɓɓe. Wannan ɗan nazari zai duba inda irin wannan mutum yake samun wurin zama da aikin yi bayan ya girma.

2. A ƙasashen Turawa

Likita Leo Kanner ne ya bayyana wannan hali a Amurka a 1943, bisa nazarin yara 11. Na farkonsu, Donald Triplett, ya yi shekara huɗu a hannun wasu manoma. Da suka lura yana son ƙidaya, sai suka bar shi yana ƙirga kunyoyin masara yayin da yake noma. A 1974 Sybil Elgar ta jagoranci buɗe Somerset Court a Ingila, mazaunin manya masu otizim. A 1983 aka buɗe Bittersweet Farms a jihar Ohio, inda mazauna ke noma da kiwo.

3. A Afirka ta Yamma

A 1954 likita Thomas Lambo ya fara sauke masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya. Tsarin na masu taɓin hankali ne, amma manufar ɗaya ce: kada a raba mutum da jama'a.

4. Gandu a Arewa

A ƙauyukan Arewa irin su Lugu, gandu ne ya ɗauki wannan nauyi. Mai gida da ƙannensa da ƴaƴansa suna noma gona guda, suna ci daga rumbu guda. Wanda bai iya ciniki ba yana iya shibka, ko kiwon awaki, ko korar tsuntsaye. Sai dai ci da shi ba ya hana a yi mishi ba'a, ko a ɗora halinsa a kan iskoki.

Farin 1973 da na 1984, ƙarancin ƙasar noma da tafiya bida sun raunana gandu, kamar yadda Claude Raynaut ya nuna a yankin Maradi.

5. Kammalawa

Abin da Turawa suka gina da kuɗi, a nan zumunci ne ya riƙe shi. In an raba gonar gado, kowa ya kama gabansa, a rumbun wa wannan mutum zai ci bayan rasuwar iyayensa?