13 ga Mayu: ranar da matan Nijar sunka ƙi zama gida

Kowace shekara idan 13 ga watan Mayu ta kusa, teloli ba su barci. Ana ɗinkin anko, ana shirin wasa da jawabai. To amma ka tambayi yarinyar da ke lise me ya sa wannan rana ta zama ta mata, sai ta ce maka biki ne kawai. Bari mu koma baya kaɗan.

A 1991, zamanin Janar Ali Saibou, ƙasa na tafasa. Ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago sun matsa sai an buɗe siyasar jam'iyyu da yawa, musamman bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990. Gwamnati ta amince da babban taron ƙasa, wanda muke ce ma konferans nasiyonal. Anka kafa kwamitin shirya taron mai mutum 68. Mace ɗaya tak a ciki. Ku duba fa: taron da zai sake shimfiɗa ƙasa, amma rabin ƴan ƙasar na da kujera guda.

Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata sunka fito titunan Yamai, ma'aikata da malaman makaranta da ƴan kasuwa, sunka yi tattaki har ofishin firaminista Aliou Mahamidou. Ba su watse hannu biyu ba: anka ƙara mata biyar cikin kwamitin. Taron ya buɗe 29 ga Yuli, ya rufe 3 ga Nuwamba, ƙarƙashin jagorancin André Salifou. A 1992 anka mai da ranar ta zama ranar matan Nijar.

Irin wannan fitowa ba mu muka fara ta ba. Ranar 9 ga Agusta 1956 mata kusan dubu 20 sunka yi tattaki a Pretoria kan dokar takardar wucewa da gwamnatin wariyar launin fata ta ɗora ma baƙaƙe. Kusa da mu kuma, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri saboda siyasa, kuma sai a 1976 matan arewacin Najeriya sunka samu ƴancin jefa ƙuri'a.

Tattaki kaɗai bai isa ba. A zaɓen 1999, cikin depite 83 mace ɗaya ce ta shiga majalisa, kamar an koma gidan jiya. Sai da dokar kota ta zo a watan Yuni na 2000, ta ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. A zaɓen 2004 mata 14 sunka shiga majalisa mai kujera 113. Anka ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019. A 2011 kuma Mariama Gamatié Bayard ta zama mace ta farko da ta tsaya takarar shugaban ƙasa.

Kun ga darasin: inda babu doka a rubuce, kujerar mace ita ce ta farko da ake ɗaukewa, kuma dokar ba ta zo ba sai da wasu sunka taka ƙasa cikin zafin watan Mayu.

Yau majalisar da ake zaɓa ba ta nan tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Amma ana kafa kwamitoci a unguwanni, a makarantu, a kasuwa, har wajen rabon ruwa. Duk inda kunka ji an kafa ɗaya, iyayenmu da ƴan uwanmu mata, ku ƙirga kamar yadda matan 1991 sunka ƙirga. Maza kuma mu taya su lissafin.

Mata nawa ne a kwamitin unguwarku? Ku gaya mana, za mu karanta a shirinmu na gaba in Allah ya yarda.