Yaron da Ake Aika da Kwano

Maƙalar wannan mako daga yammacin Zamfara ta fito, ƙasar Talata Mafara, Bakura da Maradun. An fi sanin garuruwan nan da gwamnonin da suka haifa: Abdul'aziz Yari, Ahmad Sani Yariman Bakura da Bello Matawalle. Ni kuwa a kan wanda littafin tarihi ya manta da shi zan yi magana, wato yaron da ake aika da kwano.

A da, ba a zaunar da yaro a ce yau darasin kyauta za a yi. Aikensa ake yi. Da magariba uwa za ta zuba tuwo, ta rufe da faifai, ta ce a kai wa tsohuwa wance, ko zauren malam. Ran Laraba a damƙa masa kuɗin Laraba ya kai makarantar allo. Jajiberin ƙaramar salla shi ke ɗaukar zakkar kono a ka. Da kaka kuma yana tsaye a gona ana ƙirga dammunan gero, ana ware na goma. Kakata takan ja mini kunne kafin in fita: in yi sallama, in durƙusa, in ajiye, kada in kuskura in tsaya kallon mai buɗe kwanon. Sai da na girma na gane rufin asirin mai karɓa take koya mini.

Shekarun 1970 suka taɓa wannan tsari ta fuska biyu. A 1976 aka soma shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, safiyar yaro ta koma aji, inda aka fi koya masa amsa tambaya fiye da kai saƙo. Tsakanin 1974 da 1978 kuma aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane, fadamun da ke ƙasan madatsar suka rasa ambaliyar da ke ciyar da shinkafarsu. Rigimar diyya ta kai ga Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta, aka rasa rayuka da dama. Ku duba abin ta idon yaro: gidan da ya saba kai wa kwano yana ƙarƙashin ruwa, gidansu da ke bayarwa ya koma jiran a ba shi.

Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 da ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, an kafa Hukumar Zakka da Wakafi. Abu ne mai kyau, don yana kai taimako inda kwano ba ya isa. Amma a ganina an yi wata asara da ba a lissafa ba. Zakkar da ta bi ta ofis da rasit, yaro ba ya ɗaukar ta a ka, bai kuma san ƙofar da ta shiga ba.

Sai ga 2021. A Fabrairu aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, a Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, a Satumba aka kwashe ɗalibai a Kaya ta Maradun, har aka rufe makarantu. Mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa gari, wasu a kango, wasu a zauren dangi. Yanzu malamin da ke son koya wa ajinsa kyauta ba sai ya je nesa neman mabuƙaci ba, wataƙila yana zaune a benci na baya. Idan aka ce kowane ɗalibi ya zo da gwangwanin gero a tara, tambayar da ke gaban malamin ita ce wa zai kai, kuma da wane lokaci, yadda ɗan gidan da aka kai wa zai iya shigowa aji washegari kansa a sama.