Yi wa Dattijo Gyara a Ikkilisiya

Yi wa dattijo gyara koyarwa ce ta Kirista kan yadda ake nuna wa babba kuskurensa ba tare da an zubar masa da mutunci ba. Tushenta yana cikin Wasiƙar Fari zuwa ga Timoti, sura 5, aya 1 da 2. Al'adar ikkilisiya ta danganta wasiƙar ga Manzo Bulus, ko da yake masana da yawa na zamani suna ganin an rubuta ta bayan rasuwarsa.

Timoti matashi ne da aka bar wa kula da ikkilisiyar Afisa, inda akwai waɗanda a shekaru sun haife shi. An hana shi tsawata wa tsoho. An ce ya lallashe shi kamar mahaifinsa, tsohuwa kuma kamar mahaifiyarsa. Wannan bai ba shi damar kau da kai ba. Gyaran dole ne, murya ce kawai ake sassautawa.

Idan kuma dattijon shugaban ikkilisiya ne, aya 19 ta hana karɓar ƙara a kansa sai da shaidu biyu ko uku. Wanda ya nace da zunubi, aya 20 ta ce a tsawata masa a gaban kowa.