Tarihin Gano Yadda Tsiro Ke Haɗa Abincinsa da Haske

An kusa cika shekara 250 da fitowar littafin Jan Ingenhousz, wani likita ɗan ƙasar Holan, kan gwaje-gwajen da ya yi da tsirrai, amma har wa yau littattafan makaranta da dama, idan sun zo bayanin yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, sai su ɗora Joseph Priestley a gaba, su ambaci Ingenhousz a gurguje, alhali kuwa wannan tauye hakki ne da ya kamata ma'abuta ilimi su gyara.

Tun zamanin Aristo hukama'u sun ɗauka ƙasa tsiro ke ci, aka kuwa zauna bisa wannan zato ƙarni bayan ƙarni, har wani masani mai suna van Helmont ya dasa wani itacen bakin rafi mai nauyin laba 5 cikin busasshiyar ƙasa laba 200, ya shekara 5 ba ya ba shi kome sai ruwa. Da ya auna, sai ya iske itacen ya kai laba 169, ƙasar kuwa ba ta ragu da abin da ya wuce oza 2 ba. An buga bayaninsa a 1648, bayan rasuwarsa, inda ya hukunta cewa daga ruwa kaɗai itacen ya samu jikinsa, hukuncin da rabinsa ne kawai gaskiya.

A 1771 Priestley, limamin coci a Leeds ta Ingila, ya sa reshen na'ana'a cikin tulun gilas wanda kyandir ya ci har ya mutu a ciki, bayan kwanaki sai ya ga iskar ta gyaru, kyandir na sake kamawa, daga baya ma ya ga ɓera na rayuwa a irinta. Masu goyon bayansa da wannan suke kafa hujja, kuma ba mai musun falalarsa. Sai dai da ya maimaita gwajin a 1778, wani lokaci ya yi daidai, wani lokaci ya ƙi, bai kuwa gane dalili ba. Dalilin nan shi ne Ingenhousz ya warware a 1779, domin bayan gwaji kusan 500 da ya yi kusa da Landan, yana nutsa ganyaye cikin ruwa yana lura da ƙwayoyin iskar da ke tasowa, ya tabbatar da cewa ganye ba ya fitar da iska mai kyau sai cikin hasken rana, kuma koren sashe kaɗai ke yin haka, da dare kuwa tsiro gurɓata iska yake yi kamar yadda dabba ke yi. Wanda ya ga abin mamaki daban, wanda ya gano sababinsa daban, kuma a wurin malamai na biyun shi ne mai fatahi.

Waɗanda suka biyo baya gini suka yi bisa harsashinsa. Senebier na Janeba ya nuna a 1782 cewa iskar kabon dayoksaid ce ganye ke sha. De Saussure ya tabbatar a 1804 cewa ruwa ma yana shiga cikin haɗin. Sachs ya shafa wa ganye aidin, ya nuna sitaci na taruwa inda haske ya taɓa. Ruben da Kamen kuma suka bayyana a 1941 cewa oksijin, wato iska mai kyau ɗin da ganye ke fitarwa, daga ruwa yake fitowa. Calvin ya karɓi lambar Nobel a 1961 saboda bin sawun kabon har ya zama sukari, ko da yake abokin aikinsa Benson bai samu rabo ba, wanda shi ma wani zalunci ne irin na farko. A 1966 Hatch da Slack suka fayyace wata hanya ta dabam a jikin rake, wadda ita ce dawa da gero da masara ke bi, shi ya sa suke jure zafin rana da ƙarancin ruwa fiye da alkama da shinkafa.